Sannu da Ƙoƙari, Dilan Amurka

Akwai mutanen da aka daɗe ana ci wa mutunci ba a samu mai tsaya musu ba, kuma dilolin mota na Amurka suna sahun gaba. Duk wanda ya sayi akori-kura a can, ya mayar da ita gyara a ƙarƙashin garanti, sai ka ji ya fito yana kumfar baki, wai an ɓata masa lokaci, wai an raina masa hankali. Ɗan Adam ke nan, butulu. Ni dai yau na ɗaura ɗamarar yabo. Gyaran mota ai kowane yaro da ya iya riƙe sifana zai koya. Amma a karɓi mota da ciwonta, a riƙe ta mako uku, a mayar wa mai ita da ciwon cif-cif yadda ya kawo shi, har ya yi godiya ya tafi, wannan sai wanda Allah ya ba.

Sai mai karatu ya fara sanin matsayin akori-kura a can. Da ita manomi ke jan tirelar shanu, da ita magini ke yawo da kayan aikinsa, da ita lauya ke zuwa ofis ko da bai taɓa ɗora bulo ɗaya a bayanta ba. Jerin F na kamfanin Ford ya riƙe kambun ciniki a cikinsu tun 1977, su Silverado da Ram da Tundra suna biye. Babba sabuwa a yau kuɗinta kan haura dala 60,000, galibi bashi ne na shekara shida ko bakwai. Ba kuma za ka je wurin kamfani ka saya kai tsaye ba. Dokokin jihohi sun ce sai ta hannun dila mai lasisi. Ko Tesla da ya zo da taurin kai, a Teksas doka ba ta yarje masa ya buɗe shago ya sayar wa jama'a hannu da hannu ba. Dubi wannan jinƙai! An ɗauke maka wahalar zaɓi. Gyaran garanti ma garejin dila ne kamfani ke biya, don haka ranar da ka yi fushi da dila ka buga ƙofa ka fita, wurin wani dilan za ka je ka huce.

Takardar garantin kanta abin sha'awa ce. Shekara 3 ko mil 36,000 ga motar baki ɗaya, duk wanda ya riga cika. Shekara 5 ko mil 60,000 ga inji da giya a yawancin kamfanoni, injin dizal kuma ya kai mil 100,000. Wanda ya ce dila ba ya girmama wannan alƙawari ya yi masa ƙazafi. Yana girmama shi ƙwarai, irin girman da ba ya bari a taɓa abu.

Ka shigo da motarka da sassafe, bayan ka jira mako biyu kafin a ba ka rana. Ƙofa ta ɗaga da kanta. Daɓe ya sha goge har kana ganin fuskarka. Ga gahawa kyauta, ga talabijin, ga intanet. Wani saurayi mai fara'a, sunansa ɗinke a ƙirjin rigarsa, ya tarbe ka da kwamfutar hannu. Shi ba bakanike ba ne, kuma ba za a bar ka ka ga bakaniken ba. Aikinsa ya saurara ya rubuta, abincinsa kuwa a wurare da yawa yana rataye da kamashon aikin da ya sayar maka. Ka ce masa:

“Samari, motar nan in na kai gudun mil 60, taya ta taka ɗan gargada, sai gabanta duk ya kama rawa. Sitiyari na fizge min hannu. Sai na rage gudu har kusan tsayawa kafin ta natsu. Jiya da iyalina a ciki.”

“Kai, yallaɓai, abu bai yi daɗi ba. Kwantar da hankalinka, ka zo gida.”

Sai ya rubuta layi ɗaya: mai mota ya ce yana jin jijjiga.

Ciwon nan sananne ne a manyan akori-kura da ƙarfe guda ya haɗa tayoyinsu na gaba, irin su F-250 da F-350 da Ram 2500. Masu motocin suna kiransa rawar mutuwa, kuma a 2019 wasu sun haɗu sun shigar da Ford ƙara a kansa a Kaliforniya. To, bayan kwana huɗu a kira ka. An zagaya da motar a layin bayan gareji, a kan kwalta sumul, a gudun da mai keke zai iya bi, ba ta yi rawa ba. Takarda ta fito da jimlar da ta fi kowace albarka a wannan sana'a: ba mu ga matsalar ba. Lura da tawali'un da ke ciki. Ba su ce ƙarya kake yi ba, ba su ce motar lafiya lau take ba, idonsu suka ɗora wa gazawar. In ka dawo karo na biyu kana huci, jimlar tana da ƙanwa: haka irin motar take, ɗabi'arta ce. A karo na uku a canza maka ɗan ƙarfen da ke danne girgizar sitiyari, rawar ta lafa na 'yan watanni.

Mahassada na cewa lalaci ne. Ba su san lissafi ba. Bakaniken dila a Amurka, a mafi yawan gareji, ba da awannin da ya yi yana aiki ake biyansa ba. Akwai littafi da ya yanka wa kowane aiki lokacinsa. In littafi ya ce canza famfon ruwa awa uku ne, awa uku za a biya shi, ko ya gama a biyu ko ya kwana a kai. Littafin kuma iri biyu ne. Wanda ake buɗewa idan mai mota ne zai biya daga aljihunsa yana da sakin hannu. Wanda kamfani ya rubuta don aikin garanti kuwa ya san darajar minti: aiki ɗaya, kusoshi ɗaya, gumi ɗaya, amma awannin sun tsuke. Neman inda ciwo yake, wanda shi ne ainihin wahalar, sau da yawa abin da ake biya a kai bai taka kara ya karya ba. Abin ya kai har jihar Illinois ta kafa doka, wadda ta fara aiki a 2022, don a daina rage wa aikin garanti kuɗi. Ga shi bakanike shi ke sayen kayan aikinsa, akwati guda na dubban daloli da yake biya kaɗan-kaɗan. Mutumin da ke da haya da 'ya'ya, a gabansa ga motarka mai rawar da sai an hau babban titi an yi awa guda ana neman gargada, ga kuma wata mai juye da canjin birki da za a biya nan take, wacce zai fara taɓawa? Ban ga laifinsa ba. Yabona na wanda ya tsara abin ne, da ya iya sa masu neman abinci biyu suna hararar juna ta bayan gilashi, shi yana ofis yana shan sanyi.

Daga nan ake ganin karamar da ta fi burge ni. Motar da ta shekara uku tana zuwa ana dubawa ba a ga komai ba, ranar da allonta ya nuna mil 36,001 sai idanu su buɗe. A yini ɗaya a gano ciwon, a gano iyayensa da kakanninsa, a buga maka lissafi mai shafi biyu. Kwamfutar da ta shekara uku tana azumin magana ta sha ruwa. In ka ce ai tun garanti na da rai ka kawo ƙarar wannan abu, sai a zaro tsohuwar takarda a karanta maka cikin ladabi. Jijjiga ka ce, yallaɓai. Wannan kuwa wani abu ne daban.

Dila kuma malamin tarbiyya ne, yana koya wa mutum ya fara zargin kansa kafin ya zargi wani. Akwai wani famfon dizal na kamfanin Bosch mai suna CP4, wanda kamfanin GM ya sa a manyan motocinsa daga 2011 zuwa 2016, Ford ya sa a injinsa mai lita 6.7, Ram kuma a na 2019 da 2020. Daga man da yake turawa famfon nan ke samun maiƙon da ke hana ƙarafunansa cin juna. Ranar da ya gaza sai ya niƙe kansa, ya watsa garin ƙarfe cikin nozul da bututu har tanki. Dole a canza komai, kuɗin kan kai dala 10,000. Bakanike ya zuƙo ɗan mai a kwalba, ya ɗaga ta wajen haske, a kira ka a waya: “Yallaɓai, a ina kake shan mai?” Magana ta ƙare, gurɓataccen mai ba ya cikin garanti. Kai da ka zo da ƙorafi ka koma gida kana lissafa gidajen man da ka tsaya a 'yan watannin nan, kana nadama. Daga baya, a ƙarshen 2021, Ram ya yi wa motoci fiye da 200,000 kiranye ya canza musu famfon. GM kuma ya yarda ya biya dala miliyan 50 a kashe ƙarar da masu motoci suka shigar, ba tare da ya amsa laifi ba. Wanda ya riga ya sayar da tasa da asara kafin nan, yawancin abin da ya samu ladan haƙuri ne.

Tun 1975 akwai dokar tarayya mai suna Magnuson-Moss, wadda ta hana a soke maka garanti don kawai ka yi juye a wani gareji, ko ka sa wani abu da ba na kamfani ba. Sai an nuna abin da ka sa ɗin shi ya jawo ɓarnar. Dila ba ya ɗora maka nauyin sanin wannan, ya san abubuwa sun yi maka yawa. Zai dai dubi manyan tayoyin da ka sa, ya girgiza kai cikin alhini, ya ce ai da ba ka taɓa ta ba.

In tarihi ake so, zakaran gwajin dafi shi ne injin Power Stroke mai lita 6.0, wanda kamfanin Navistar ya ƙera wa Ford aka sa a manyan akori-kura daga 2003 zuwa 2007. Injin nan ya ciyar da gidajen kanikawa da yawa, Allah ya saka masa. Abin sanyaya baƙin mai ya toshe, ruwa ya daina isa ga abin sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, shi kuma ya fashe, ruwan lagireto ya bi ta cikin inji ya fito ta salansa fari fat. Kusoshin da ke danne kan inji huɗu ne ga kowace silinda, alhali magabacinsa mai lita 7.3 shida yake da su. Matsi ya yi yawa su miƙe, gasket ya ƙone. Wurin kuma a cunkushe yake, har bakanike kan gwammace ya kwance gidan direba ɗungurungum, ya ɗaga shi sama da na'ura, ya bar shasi da inji tsirara a ƙasa. Mai mota ya leƙo ta tagar ɗakin jira ya hango kujerar da yake zama a kanta can kusa da rufi, hularsa tana nan inda ya bar ta a gaban gilashi. Abin da masu ƙara suka yi ta faɗa shi ne, a canza ɓangaren da ya fashe, a bar wanda ya jawo fashewar, a sauke gida a ɗaure, a ce sai mun gan ka. Kuma ana ganinsa. Zumunci ai a ƙafa yake.

Kuɗin garantin ya yi yawa har Ford ya maka Navistar a kotu a Janairun 2007. Suka yi ta ja-in-ja zuwa 2009, daga nan Ford ya koma ƙera injinsa da kansa. Manya sun sasanta a tsakaninsu. Masu motoci kuwa, a sulhun 2013, abin da aka yanka musu ya kama daga dala 50 zuwa 825, a kan gyaran da kan ci dubbai. Ba a raina kyauta.

Toyota, da ake yi wa kallon ustazu a cikinsu, shi ma bai bari an bar shi a baya ba. A jihohin da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, tsatsa ta riƙa cin shasin Tacoma da Tundra da Sequoia. A 2016 ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 3.4, kan motoci kusan miliyan 1.5. Sharaɗin samun sabon shasi shi ne dila ya duba ya ga huji mai faɗin milimita 10. Wanda nasa bai kai ba, a fesa masa maganin tsatsa, ya koma gida ya yi wa hujin addu'ar girma kafin shekara 12 ta cika.

Amma wanda ya fi faranta min rai shi ne na GM a Afrilun 2025. Injin V8 mai lita 6.2 da ke cikin Silverado da Sierra da 'yan'uwansu na 2021 zuwa 2024 ya riƙa bugawa ana tsakar tafiya, saboda aibi a ƙarafunan cikinsa tun daga masana'anta. Aka yi wa kusan 600,000 kiranye a Amurka. Dila zai duba, wanda injinsa ya faɗi jarrabawa a gyara ko a ba shi wani. Wanda ya ci kuwa, a juye masa baƙin mai mai lamba 0W-20, a zuba mai kauri 0W-40, a canza murfin mai da sabo mai ɗauke da sabuwar lamba, a ƙara masa wa'adin garantin injin, wato a ƙara masa shekarun ziyara. Duk bakaniken da ke Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san wannan ilimi: inji ya fara ƙara, ba shi mai kauri ya yi shiru. Shekara da shekaru muna kiran abin dabarar rufa-rufa, ashe bincike ne muka riga Amurkawa.

Sai jira, wanda shi ne ibadar gidan. An gano ciwo, kamfani ya amince, saura kayan gyara. Suna hanya. Mako ya zama wata, wata ya haifi ɗan'uwansa, motarka tana filin baya rana na dukanta, banki kuma bai taɓa mantawa da ranar cire kuɗinsa ba. Kai da ke jan tirelar kayan gini, in an samu ta aro sai a miƙa maka makullin 'yar ƙaramar mota mai ƙamshin turare. Kaya sun iso, saura hannu. Shugaban Ford, Jim Farley, ya faɗa da bakinsa a 2025 cewa akwai guraben kanikawa kusan 5,000 a garejin dilolinsu da aka rasa mai cikewa. Abin mamaki, sana'a mai daɗi haka samari na gudunta. A Yunin 2024 ma masu kutse suka durƙusar da kamfanin CDK Global, wanda diloli kusan 15,000 ke aiki da manhajarsa, aka yi wajen mako biyu ana rubutu da biro da takarda. Ina kyautata zaton masu jiran gyaran garanti ba su ga wani bambanci ba.

Jihohi suna da dokar da ke tilasta wa kamfani karɓar motar da ta ƙi gyaruwa. A Teksas, alal misali, idan an gwada gyara ciwo ɗaya sau huɗu cikin wata 24 ko mil 24,000 bai tafi ba, ko motar ta yi kwana 30 a gareji, kana da bakin magana. Sai dai idan an ba ka aron makamanciyar taka, kwanakin ba sa shiga lissafi. Ka ga ashe aron ma da hikimarsa. Sau huɗun kuwa sai ciwo ɗaya ne ya bayyana a takarda sau huɗu, saurayin nan namu kuma Allah ya ba shi yalwar kalmomi. Yau jijjiga, gobe ƙara, jibi taya ba ta zauna daidai ba. Bai taɓa maimaita kansa ba, kuma ba kowane marubuci ke da wannan baiwa ba.

Ranar da ka zo ɗaukar motar, shi zai raka ka har bakin ƙofarta, an wanke ta tas, an shimfiɗa takarda a inda za ka taka. Sai ya rage murya.

“Yallaɓai, kamfani zai turo maka tambayoyi ta imel. Don Allah ka taimaka ka ba ni goma. Tara a wurinsu faɗuwa ce, a aljihuna abin zai ƙare.”

Gaskiya yake faɗa. Ka dubi yaron, bai yi maka komai ba sai fara'a, ka tuna kai ma kana da ɗa kamarsa, ka danna goma. Da irin waɗannan goma-goman ake haɗa allon yabon da ke rataye a bangon ɗakin jira, wanda ka haddace tun a wata na farko.

Ba a banza kuma aka gina ɗakin jiran nan daura da inda ake baje kolin sababbin motoci ba. Tun kana zaune wani mai taye ya ƙyalla ido ya gan ka. “Ranka ya daɗe, har yanzu tsohuwar nan tana wahalar da kai? Kawo ta mu karɓa, mu ɗora ragowar bashin a kan sabuwa. Ga garanti sabo dal.” Mutum ya gaji, ya sa hannu. Dilan da ya kasa ganin ciwon motar, a wajen yi mata kuɗi sai ka ji ya tuna da shi daki-daki.

Ita kuwa tsohuwar ba ta mutuwa. Ta bi ta kasuwar gwanjo, in rabonta ya tsallaka teku ta hau jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, ta hau tirela zuwa Arewa. Garantin ya tsaya a can, amma tarihin gyaranta ya biyo ta. Dillali ya buga lambar shasi a intanet, ya juya wa mai saye fuskar waya: “Alhaji, duba da idonka. Baturen nan ya riƙe ta amana. Sau bakwai yana kai ta wurin dila cikin shekara uku, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ganin matsala ba.”